Yadda ake auna jinin da mai haihuwa ta zubar, da abin da ake yi idan ya kai layi

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin haihuwa ido bai san ƙima ba. Zani ya sha wani jinin, katifa ta sha wani, wani ya gauraya da ruwan faya, wani kuma ya daskare a cikin mahaifa bai fito ba tukuna. Ungozomar da ta shekara ashirin tana karɓar haihuwa takan dubi gado ta ce bai kai rabin lita ba, alhali ya doshi lita guda. Kuma yadda jinin ke ƙaruwa haka kuskuren ido ke ƙaruwa, wato inda haɗari ya fi yawa nan ƙiyasi ya fi yaudara.

Mata kusan 260,000 ne suka rasu a duniya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma zubar jini ce kan gaba a cikin dalilan. Magungunan tsayar da shi sanannu ne, yawanci ma suna cikin ɗakin. Abin da ke kashe mace shi ne an makara wajen ganewa, sannan da aka gane aka riƙa gwada magani ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne binciken E-MOTIVE ya auna, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Arri Coomarasamy na Jami'ar Birmingham tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kan mata sama da 200,000 da suka haihu da kansu. Sakamakon ya fito a 2023. A asibitocin da suka ci gaba da yadda suka saba, kashi 51 cikin 100 na masu zubar jini aka gano. Inda aka yi amfani da ledar awo, wato ledar da ke tara jinin a karanta yawansa, aka kuma ba da magunguna a lokaci guda, kashi 93. Zubar da ta kai lita ɗaya, ko tiyata saboda jini, ko mutuwa ta dalilinsa, sun sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin tsarin. Ga yadda ake yin sa.

Kafin kan jariri ya fito

A haɗa komai a akwati ɗaya ko tire ɗaya: ledar awo, oksitosin (allurar tsuke mahaifa), taraneksamik asid (allurar da ke hana gudan jini narkewa), kanula (allurar ƙarin ruwa ta jijiya) mai faɗi lamba 16 ko 18 guda biyu, ruwan gishiri na asibiti ko ruwan Ringer, robar fitsari, safar hannu, kayan ɗinki da fitila mai haske. A duba akwatin a kowane canjin aiki. Wanda ke gudu zuwa ɗakin magani neman allura ɗaya yayin da mace ke zuba, ya riga ya ɓatar da mintunan da ba za su dawo ba.

Oksitosin yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8 a firji. Wanda ya daɗe cikin zafi ƙarfinsa yana raguwa, kuma kwalbar ba ta canza kama, don haka sai a yi allura mahaifa ta ƙi tsukewa a rasa dalili. Inda babu tabbacin sanyi, kabetosin mai jure zafi, maikirogiram 100, yana maye gurbinsa wajen riga-kafi. Taraneksamik asid kuma kada a ajiye shi kusa da allurar kashe zafi da ake yi a kashin baya. Kwalaben suna kama da juna, an sha yin kuskuren zuba shi a baya, kuma mata sun mutu ta haka.

Da jariri ya fito, a shafa ciki a tabbatar babu na biyu, sannan a yi oksitosin yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya. Wannan na kowace mace ne, ko tana zuba ko ba ta zuba.

Sa ledar

Ledar awo shimfiɗa ce mai jaka kamar mazurari a ƙasanta, da layukan mililita a jiki, da alama a kan 300 da kan 500. Lokacin sa ta shi ne bayan jariri ya fito kuma ruwan faya ya gama zuba, kafin mabiyiya ta faɗo. Idan aka sa da wuri, ruwan faya zai cika jakar a ɗauka jini ne. Idan aka bari sai mabiyiya ta fito, an rasa zubar farko wadda sau da yawa ita ce mafi yawa.

A tura ta ƙarƙashin mazaunai sosai, a ɗaure igiyar a ƙugu, a bar jakar tana reto a bakin gado. Jakar da ke kwance a kan katifa ba ta karantuwa, domin jinin yana bajewa. A share jinin da ya tsaya a saman leda da guda-gudansa zuwa cikin jakar kafin a karanta, kuma a durƙusa a sa ido daidai da layin. Fitsari da ruwan wanke gaba kada su shiga. Ledar tana zama awa ɗaya, idan jini bai lafa ba a kai ta awa biyu.

Inda babu leda, sikeli yana aiki: giram ɗaya na jini daidai yake da kusan mililita ɗaya. Sai dai dole a san nauyin kowane ƙunzugu da zani tun yana busasshe. Wanda ya auna giram 20 a bushe ya koma 95 a jiƙe, jinin da ke cikinsa mililita 75 ne.

Duk minti 15 a awar farko ana duba abu huɗu a rubuta: yawan jinin da ke jaka da yanayin zubarsa, taurin mahaifa, bugun zuciya, da awon jini, wato awon hawan jini mai lambar sama da ta ƙasa. Mahaifar da ta tsuke ana jin ta a wajen cibiya da tauri kamar dunƙulen hannu. Wadda ta saki tana da laushi, hannu yana nutsewa a cikinta, wani lokaci da ƙyar ake gano samanta.

A nan akwai tarko da ya kamata a tsaya a kansa. Jinin jikin mai ciki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, saboda haka matashiya mai lafiya za ta iya zubar da fiye da lita ɗaya awon jininta yana nan daidai, tana ma hira da ku. Ranar da awon ya faɗi, faɗuwar ba ta zuwa a hankali. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. A raba bugun da lambar sama ta awon jini: bugu 110 da lambar sama 100 ya ba da 1.1, kuma duk abin da ya haura 1 alama ce jiki ya fara gazawa. Mai ƙarancin jini tun tana da ciki kuwa, abin da wata za ta zubar ta tashi, ita zai iya kayar da ita.

Idan ya kai layi

Ana fara magani idan jini ya kai mililita 500, ko ya kai 300 tare da ɗaya daga cikin waɗannan: bugu ya wuce 100, lambar sama ta gaza 100, lambar ƙasa ta gaza 60, ko lissafin nan na raba bugu da lambar sama ya haura 1. Wannan ma'auni na 300 ya shiga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025. Ba a jiran likita ya zo ya tabbatar. Wadda ta ga layin ta ɗaga murya ta kira taimako, ta faɗi lokacin, a fara duka matakan tare, a kammala cikin minti 15.

Mutum ɗaya ya kama saman mahaifa ta kan ciki ya murza da ƙarfi har ta yi tauri, ya matso gudan jinin da ke ciki. A sa robar fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa, kuma wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa.

Na biyu ya sa kanula, ya ɗebi jini don gwaji da neman wanda ya dace da nata, ya zuba oksitosin yunit 10 cikin ruwa mililita 500 ya sake shi da sauri, a bi shi da yunit 20 cikin lita ɗaya na tsawon awa huɗu. Idan babu oksitosin ko ba a yarda da ingancinsa ba, misoprostol maikirogiram 800 a ƙarƙashin harshe. Agometirin yana tsuke mahaifa sosai, amma ba a ba mai hawan jini ko mai jijjiga.

Taraneksamik asid giram 1, wato mililita 10, ta jijiya a hankali cikin minti 10. Idan aka tura shi da sauri awon jini yana faɗuwa. Idan zubar ta ci gaba bayan minti 30, ko ta dawo cikin awa 24, a ƙara giram 1. Binciken WOMAN na 2017, kan mata 20,060 a ƙasashe 21, ya nuna yana rage mutuwa ta dalilin jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Amfaninsa yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk minti 15 na jinkiri, bayan awa uku kuma babu amfani. Awa ukun daga lokacin haihuwa ake ƙirga su, ba daga lokacin da aka lura da jinin ba. Ajiye shi a matsayin makamin ƙarshe kuskure ne babba.

Ana cikin haka ake neman inda jinin ke fitowa. Kusan bakwai cikin goma sakin mahaifa ne. Idan mahaifa ta yi tauri amma jan jini yana tsiyaya ba tsayawa, a haska fitila a duba ƙari ko yagewa a gaba da bakin mahaifa, a ɗinke daga saman inda yagewar ta fara. A shimfiɗa mabiyiya a tire a duba ko wani ɓangare ya gutsure, domin ragowar da ta maƙale ba ta barin mahaifa ta rufe jijiyoyinta. Idan ana zargin jinin ba ya daskarewa, a zuba mililita 2 a ƙaramar kwalbar gilashi, a riƙe a tafin hannu, a fara karkata ta bayan minti 4. Idan minti 7 suka cika bai daskare ba, ko gudan ya yi laushi yana wargajewa, tana bukatar ƙarin jini da gaggawa.

Idan duk an yi jini bai tsaya ba, a matse mahaifa tsakanin hannu biyu, dunƙule ɗaya a ciki ɗaya a kan ciki, ko a danne babbar jijiya da dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan ta hagu har bugun matsematsi ya ɗauke. Waɗannan sayen lokaci ne kawai kafin a sa balan-balan na mahaifa, wanda ake kumburawa a cikinta ya danne jijiyoyin, ko a shiga tiyata. Cusa auduga ko bandeji a mahaifar da ta saki ba ya cikin abin da aka yarda da shi: yana ɓoye jinin ne, ba ya tsayar da shi. Idan za a tura ta wani asibiti, ta tafi da ruwa yana shiga, da ma'aikaciya a gefenta, da rigar matse jini idan akwai.

Katin da zai bi ta ya ƙunshi lokuta da lambobi: ƙarfe nawa ta haihu, yaushe aka sa leda, nawa aka karanta a kowane minti 15, yaushe ta kai layi, yaushe kowane magani ya shiga. "Ta zubar da jini sosai" ba ya gaya wa likitan da zai karɓe ta ko awa uku sun wuce. Da waɗannan lambobin ne kuma ake zama a ƙarshen wata a lissafa minti nawa ke tsakanin layi da allurar farko a kowace mace, a gano ko jinkirin daga firji yake, ko daga kanula, ko daga jiran wanda zai ba da umarni.