Lita ba kilo ba ce, masu mai da zuma

Na gaji da ganin sababbin shiga harkar mai da zuma suna lissafa lita ɗaya a matsayin kilo ɗaya. Ruwa ne ke da wannan gatan. Man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa sama in an haɗa su. Litarsa giram 910 zuwa 920 ce.

Wannan ta taɓa cina da yaƙi. Shekarar da na fara sari, wani mai gidan cincin ya ce in kawo masa tan ɗaya na man gyaɗa. Na buga lissafi a ka: jarka 40 mai lita 25, shi ke nan. Na yanke farashi, muka tafa. Da aka ɗora a sikeli aka cire nauyin jarkoki, sai ga kilo 915. Na yi ta rantsuwa an murɗe sikelin, yaran shago suna kallona suna ƙunshe dariya. Sikeli lafiyarsa ƙalau. Tan ɗaya na man gyaɗa ya haura lita 1,090. Kusan jarka huɗu na cika daga aljihuna, riba ta tafi, uwar kuɗi ma ta ji jiki. Tun daga ranar, ba na faɗin farashi sai na tambaya: "Alhaji, da awo za ka karɓa ko da sikeli?"

Zuma kuma akasin haka take. Litarta kusan kilo 1.4 ce, wato kilo ɗaya bai kai ya cika robar ruwa mai santilita 75 ba. Ka saro da kilo, ka dawo kana sayar da lita a kuɗin kilo, sannan kana cewa an yi maka baki? Haba malam, kai ka yi wa kanka! Ni duk zumar da aka kawo mini sai na auna lita ɗaya tukuna. In ta tsaya a kilo 1.2, an yi mata ruwa. Amma kar ka dogara da wannan kaɗai, dafaffen sukari ma nauyi gare shi.

Sauran ƙanana ne. A auna jarka tun ba komai a cikinta. Kar a cika ta har baki da sanyin safiya, mai yana kumbura in rana ta buɗe. Galan kuwa iri biyu ne: na Amurka lita 3.8, na Ingila lita 4.5.