Fam, laba da dutse: awon Turawa ga sabon zuwa Ingila

Mutanen Ingila ma'auni biyu gare su, ɗaya a takarda, ɗaya a baki. Tun shekarar 2000 doka ta ce kayan da ake aunawa a kasuwa a sayar da su da giram da kilo, har an taɓa gurfanar da wani mai kayan marmari a Sunderland a 2001 kan sayar da ayaba da tsohon awo. Amma a baki tsohon awon yana nan daram.

Na kasuwa ba wuya. Kalmar "pound" kuɗi ce, kuma nauyi ce. Kakanninmu sun raba gardamar tun zamanin cinikin gyaɗa da auduga: na kuɗi suka kira shi fam, na nauyi laba. Laba ɗaya giram 454 ce, oza 16 ke cikinta, a rubuce kuma lb, daga kalmar Latin "libra", wadda ita ma alamar £ ta fito daga gare ta. In mahauci ya ce "five pound a pound", fam 5 ke nan kowace laba, wato kilo ya kai fam 11. Kada ka yi murnar araha.

Inda ake shan wuya asibiti ne, kuma kullum sai an faɗa wa sababbin zuwa, kullum sai sun maimaita kuskuren. Bature yana faɗin nauyin jikinsa da "stone", ma'anarta dutse, domin da duwatsu 'yan kasuwar da suke awo. Dutse ɗaya laba 14 ne, kilo 6.35. Wannan asalinsa dutsen masu cinikin ulu ne. A da, mahautan Landan sun daɗe suna amfani da dutse mai laba 8. In ka ga an rubuta 11st 4lb, dutse 11 da laba 4 ke nan, ba sha ɗaya da ɗigo huɗu ba ne. Ninka 11 sau 14, ka sami 154, ƙara 4, laba 158, raba da 2.2, kusan kilo 72. Mai kilo 70 dutse 11 ne. Sai ka ga mutum ya cika fom ɗin rajistar likita ko na inshora, ya zuba 70 a gurbin dutse, ya mai da kansa mai kilo 444. Wannan abin dariya ne, ana gyarawa. Na yara shi ne ba wasa: maganin yaro da kilo ake lissafa shi. Uwa ta ɗora yaro a sikelin gida da ke kan laba, ta ga 30, ta faɗa wa mai magani 30 ba tare da ta ce na mene ne ba, alhali yaron kilo 13 da rabi ne. In aka ɗauka kilo ne, magani ya haura ninki biyu. Ki juya sikelin, yawanci akwai ɗan maɓalli a ƙarƙashi mai kg, lb da st, ki mayar da shi kg, kuma duk lambar da za ki faɗa ki haɗa da kalmar kilo. Waɗanda ke Amurka su fi kiyayewa, can ba a san dutse ba, laba zalla ake yi. Ranar haihuwa kuma maƙwabta za su tambayi nauyin jariri da laba da oza: 7lb 8oz kilo 3.4 ne.

Hajiyoyi masu sayen gwal, farashin da ake sanarwa na ozar "troy" ne, giram 31.1, ba ozar kicin mai giram 28.35 ba.

Masu aika kaya gida: jakar jirgi mai kilo 23 ita ce laba 50. Kamfanonin jigila kuma suna auna girman kwali, tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5000 ko 6000, wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi za ka biya. Kwalin bargo mai 60 da 50 da 50 zai iya cin kuɗin kilo 30 ko da kilo 8 ne.

Karin maganarsu da yawa ba su da haɗari. "Worth your weight in gold" yabo ne. "Baker's dozen" 13 ce, gyara ce irin ta mai ƙosai, ana danganta ta da tsoron da masu burodi ke yi na hukuncin tauye awo. Guda ɗaya ce za ka buɗe wa kunne. In shugabanka a wurin aiki ya ce ba ka "pull your weight", ba ƙibarka yake nufi ba, cewa yake kana barin wasu su ɗauki kasonka na aiki, kamar mai tuƙin kwale-kwalen da ya saki hannu. Mutanenmu an san su da juriya a ɗakunan ajiyar kaya da gidajen kula da tsofaffi, shi ya sa abin ke da ciwo a ga ɗan'uwa ya ji wannan magana ya yi murmushi ya ce na gode. Gargaɗi ne, musamman a watannin gwaji. Tambaye shi nan take wane aiki ne ya ga ka bari, ka kuma nemi ya rubuta maka.