Kafin ka buɗe butloda don yin rut, ga kurakuran da suke kashe waya

Wani ƙanena ya shigo min da wayarsa wata Asabar da daddare, fuskarsa duk ta canja. Wayar ta ƙi tashi, ko alamar caji ba ta nunawa, ka danne maɓallin wuta minti guda shiru kake ji. Ashe bidiyo ya kalla, ya sauke fayil ɗin filashin, wato manhajar kamfani da ke tafiyar da waya, na wata waya mai suna irin na tasa, ya ɗora mata da manhajar kwamfuta ta SP Flash Tool, kuma tun daga preloader, ɓangaren filashin da ke fara tayar da injin wayar, aka samu saɓani, shi ke nan ta mutu. Kwana biyu muka yi kafin muka samo ainihin fayil ɗinta ta farfaɗo, amma hotunan bikin yayarsa da ke ciki sun tafi har abada, kuma wallahi wannan ya fi min ciwo a kan wahalar da muka sha.

Butloda dai shi ne ɗan shirin da yake fara tashi idan ka kunna waya, shi yake duba ko Android ɗin da ke ciki na kamfani ne ba a taɓa shi ba kafin ya bari ta tashi. In dai rut na gaske kake so, wato cikakken iko a kan Android ɗin wayarka, irin wanda manhajar Magisk take bayarwa, to sai ka buɗe shi, kuma a nan ne mutane suke yin ɓarna.

Na farko, da yawa ba su san buɗewar kanta tana goge komai ba. Da zarar ka kunna OEM unlocking a saitin waya, wato izinin buɗe butloda, ka buga umarnin fastboot flashing unlock a kwamfuta ka amince, wayar za ta koma kamar yau aka ciro ta daga kwali, hotuna, lambobi, hirarrakin WhatsApp, duk sun tafi. Da gangan aka yi haka, don kar ɓarawo ya buɗe ya kwashe bayanan mai waya. Saboda haka ka kwashe kayanka a kwamfuta tukuna, kuma ka buɗe su a can ka tabbatar sun shiga.

Amma akwai ajiyar da ta fi wannan muhimmanci wadda kusan babu mai yi, ita ce ta IMEI, lambar shaidar da kamfanin layi yake gane wayarka da ita. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, su Tecno da Infinix, injin kamfanin MediaTek ne a cikinsu, kuma lambar IMEI da bayanan sabis suna zaune ne a wasu ɓangarori da ake kira nvram da nvdata. A cikin SP Flash Tool akwai zaɓi uku, Download Only, Firmware Upgrade da Format All + Download. Mutum yana ganin na ƙarshen sai ya ce bari in wanke ta tas in huta, to wannan wankin har da nvram yake tafiya. Wayar za ta tashi lafiya lau, ka sa layi ka ga babu sabis, ka danna *#06# ka ga wayam ko ta rubuta Invalid IMEI. Fayil ɗin filashin da ka sauke ba zai dawo maka da shi ba domin na wayarka kaɗai ne, babu shi a intanet. Dan Allah ɗan'uwa, kafin ka taɓa komai ka yi Readback a SP Flash Tool, wato kwafowa daga waya zuwa kwamfuta, ko ka yi amfani da manhajar mtkclient ka kwafe waɗannan ɓangarori, ka rubuta IMEI ɗinka a takarda, kuma ka tsaya a Download Only, ka cire alamar da ke gaban preloader in dai ba wayar ta riga ta mutu ba ce. Masu waya mai injin Qualcomm su ma suna da nasu ɓangarorin, modemst1 da modemst2 da persist.

Sai kuskuren ƙanena, wato ɗora fayil ɗin da ba na wayarka ba. Sunan da ke jikin kwali bai isa ba. Waya ɗaya tana iya fitowa kala biyu ko uku, wata ma injin cikinta daban. Ka shiga About phone ka duba lambar samfuri da Build number harafi bayan harafi, boot.img, fayil ɗin tayar da Android da za ka ba Magisk ya gyara don samun rut, dole ya fito daga wannan bugun da ke kan wayarka yanzu. Kar ka karɓi wanda wani ya riga ya gyara ya tura a guruf. Sannan wayoyi da yawa da suka fito da Android 13 tun daga kamfani init_boot.img ake gyarawa, a Samsung kuma fayil ɗin AP ake ba Magisk a ɗora da Odin, manhajar filashin ta Samsung. Ka ajiye na asalin a gefe, in ta maƙale a tambari tana ta kunna kanta shi za ka mayar ta tashi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sake kulle butloda. Mutum ya yi rut, ya gaji da saƙon gargaɗi na Orange State da ke fitowa duk lokacin da ya kunna waya, ko manhajar banki ta ƙi buɗewa, sai ya je ya buga fastboot flashing lock alhali Magisk ko wani ROM na waje, wato Android ɗin da ba na kamfani ba, yana ciki. To butloda zai duba ya ga an taɓa, ya ƙi tayar da wayar, kuma tunda ka kulle ba zai bari ka ɗora gyara ba, ka ga ka rufe ƙofa da makullin a ciki kenan. Hanyar da ta dace ita ce ka mayar da cikakken fayil ɗin kamfani na yankin wayarka, ka kunna ka ga komai na aiki, sannan ka kulle, kuma kar ka kashe OEM unlocking sai ta tashi lafiya bayan kullewar. Masu Xiaomi ku kula sosai, a ƙasan Mi Flash, manhajar filashin tasu, akwai clean all and lock, wato gogewa haɗe da kullewa, kuma sau da yawa shi ne a zaɓe tun farko, in ka ɗora ROM na Global a kan wayar da aka yi don kasuwar China da wannan zaɓin, ta kulle ta ƙi tashi. Ka mayar da shi clean all kafin ka danna.

Komawa tsohon bugu ma tarko ne. Tun 2018 Xiaomi ta saka kariyar hana komawa baya a wasu wayoyi kamar Redmi Note 5 Pro, wanda ya ɗora tsohon bugu sai wayar ta mutu, ba ta gyaruwa sai ta EDL, hanyar filashin gaggawa ta injin Qualcomm. Samsung ma ba ya yarda ka sauko ƙasa da lambar butlodan da kake kai, Odin zai ƙi kawai.

Akwai kuma abin da ba ya gyaruwa ko kaɗan. A Samsung, ranar da ka ɗora fayil ɗin da ba na kamfani ba alamar Knox, tsarin tsaron Samsung, za ta koma 0x1, kuma fis ne a cikin injin yake ƙonewa, babu filashin da zai mayar da shi. Secure Folder da Samsung Wallet sun tafi kenan ko ka cire rut ka kulle. Huawei kuwa tun 2018 ta daina ba da lambar buɗewa, duk wanda ya turo maka wata manhaja ya ce tana buɗewa kyauta da danni ɗaya ka yi hattara. Haka manhajojin rut na danni ɗaya su KingRoot, zamanin Android 4 da 5 ne suka yi aiki, yanzu talla da shara kawai za su cika maka waya.

Maganar banki, ni shawarata kar ka yi rut a wayar da kake tura kuɗi ko kake sana'a da ita. Play Integrity, tsarin Google na duba ko an taɓa waya, yana gane butloda a buɗe yake, manhajojin banki da yawa sai su ƙi aiki, dabarun ɓoyewa kuma yau su yi gobe su daina. Ban da haka, in wayar ta faɗa hannun ɓarawo a buɗe, ya fi samun sauƙin wasa da ita. A wasu wayoyin ma Widevine, tsarin kariyar bidiyo, yana sauka daga mataki L1 zuwa L3, bidiyon Netflix ya daina fitowa tar.

Ƙananan abubuwa kuma: ka yi caji ya haura rabi sosai, ka nemi kebul mai kyau ba wanda sai an riƙe shi da hannu ba, ka yi aikin a laftof mai batir don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar filashin an gama da wayar. Bayan rut kar ka danna sabuntawar da ta zo ta iska kai tsaye sai ka mayar da boot na asali. In kuma wani modul na Magisk, wato ƙarin da ake saka masa, ne ya hana ta tashi, kar ka yi gaggawar gogewa, ka danne maɓallin rage murya lokacin da take kunnuwa, za ta shiga Safe mode ta kashe modul ɗin duka, sai ka shiga ka cire wanda ka saka na ƙarshe.