Yadda Ake Bin Sawun Fashewar Hasken Gamma Daga Saudiyya

Fashewar hasken gamma wata gagarumar fashewa ce can nesa a sararin samaniya. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken gamma, wato haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, shi ya sa taurarin ɗan'adam irin su Swift da Fermi ne ke fara hango fashewar. Ka yi rajista da GCN, tsarin NASA na aika sanarwar irin wannan fashewa, sanarwa za ta iso maka cikin daƙiƙoƙi. Lokacinta na UTC ne, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ƙara awa 3 ka samu agogon Makka. Fifita sanarwar Swift, domin ta Fermi kan nuna fili mai faɗin da ƙaramin madubin hangen nesa ba zai lalube ba.

Hasken da ya rage bayan fashewar, wanda madubin hangen nesa ke iya gani daga ƙasa, yana dusashewa cikin sa'o'i. Fita nesa da fitilun Jidda, ka ɗauki hotuna na daƙiƙa 60 a jere, ka haɗa su. Nemi ɗigon da babu shi a tsohuwar taswirar taurari, wanda ke raguwa daga hoto zuwa hoto.