Kafin ka ɗauki faranti a Yamai

Duk wata sai an kawo mana sabon yaro daga Illela ko Jibiya, wai an ce masa ana tara kuɗi a kai wa baƙi abinci a manyan otel na Yamai. Wanda ya ba shi labarin yana zancen 2019 ne, shekarar taron Tarayyar Afirka, lokacin da aka buɗe su Radisson Blu da Noom. Tun juyin mulkin Yulin 2023 Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyi suka ragu, tukuici ma ya bi su. Aiki bai ƙare ba, amma galibi a ƙananan gidajen abinci ne na unguwar Plateau da bakin kogi.

Masauki ba ya ba namu wuya. Ka nemi mutanenmu a Zongo ko Boukoki, ba su taɓa barin baƙo ya kwana a titi ba. Harshe ma da sauƙi, Hausa za ta kai ka ko'ina. Ka ƙara da "fofo" ta Zabarmawa da Faransancin da zai ishe ka karanta takardar abinci. Amma ka iya lissafi: dala sefa 5 ce, "ɗari" sefa 500, jaka 1,000. Ka zo da fasfo mai rai, don Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Kuma ka tambaya tun daga ƙofa ko ana sayar da giya, kada ka sa riga sannan ka ce addini ya hana.

Inda ake kuka shi ne albashi. Maigida zai ce, "Fara tukuna, mu ga hannunka." Gwajin nan in babu takarda ba shi da ranar ƙarewa. Wani da na yi wa aiki, littafi gare shi a ƙarƙashin akwatin kuɗi, mai baƙin bango duk maiƙo. Kofi ya fashe, ya rubuta. Baƙo ya cinye giwan ruwa ya sulale ana cikin ɗaukewar wuta, ya rubuta da sunan mai teburin. Har ranar da injin sanyi ya mutu nama ya lalace, mu aka raba wa asarar. Ƙarshen wata sai ya lashi yatsa ya buɗe shafi: "Ɗana, kai ma ka gani." Me za ka ce, alhali da baki kuka yi magana?

Ƙanena, doka tana nan. Mafi ƙarancin albashi sefa 42,000 ne tun Janairun 2024. Ka nemi kwantiragi a rubuce, da ranar da gwaji zai ƙare, da lokacin tashi, da maganar wanda zai biya abin da ya fashe. Ka tambaya ko zai yi maka rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata. Kwantiragin ɗan ƙasar waje yana bi ta ANPE, hukumar samar da ayyukan yi, kuma in rigima ta tashi, ofishin sufeton ƙwadago takarda zai fara tambayarka. Abin da ke ba ni haushi, sai in faɗa wa yaro haka ya ce, "Yaya, kunya nake ji, mutumin kirki ne, tare muka yi Magariba."

Ku kuma 'yan mata, ku daidaita maganar komawa gida kafin ku karɓi aikin dare. Taksi daga Plateau zuwa Harobanda, ƙetaren kogi, bayan sha biyu ba kuɗin rana ba ne, kuma maigida ba zai biya ba sai in yana cikin takardar.