Yadda Ake Koyon Tantance Darajar Tsofaffin Sulalla Da Taimakon Littattafai

Yawancin masu fara tara tsofaffin sulalla da littafin farashi suke farawa, kuma daga nan ne matsalarsu take somawa. Mutum zai buɗe shafin, ya tarar an jera wa sulai guda farashi huɗu ko biyar gwargwadon lafiyarsa, idonsa ya tafi kai tsaye kan mafi tsada, ya ɗauka nasa ke nan. Littafin da ke koyar da tantancewa shi ya kamata a fara saya, na farashi ya biyo baya.

Da farko ka haddace ma'aunin. Wanda kasuwar duniya ta fi bi shi ne mai lamba 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a Amurka a 1949 domin tsofaffin kwabban ƙasar, daga baya aka faɗaɗa shi ya game sauran sulalla. A kansa, lambar da ta fi girma ita ce sulan da ya fi lafiya, kuma ana taƙaita sunayen matakan na Turanci da haruffa: VF (ya sude amma zanensa a fili yake) na ɗaukar 20 zuwa 35, EF (sudewa kaɗan) 40 zuwa 45, AU (kusan sabo) 50 zuwa 58, sai MS daga 60 zuwa 70, wato sulan da bai taɓa yawo a hannun jama'a ba. Dillalan Ingila kuwa sun fi amfani da sunayen matakan ba tare da lamba ba, kuma sun fi tsanantawa, har abin da Ba'amurke zai kira EF sau da yawa a wurinsu bai wuce VF mai kyau ba. Wajibi ne ka san wane ma'auni littafin da ke hannunka yake bi kafin ka yarda da hukuncinsa.

Sai zaɓen littafi. Ga kuɗin Amurka akwai Official ANA Grading Standards for United States Coins, wanda ƙungiyar masu tara kuɗi ta ƙasar ta fara fitarwa a 1977, da Photograde na James Ruddy, wanda ya fito a 1970 yana nuna hoton kowane mataki. A ganina a haɗa biyun, domin bayani shi ke faɗa maka inda za ka duba, hoto kuma ya nuna maka abin da za ka tarar. Ga kuɗin sauran ƙasashe akwai Standard Catalog of World Coins na kamfanin Krause, amma amfaninsa shi ne gane irin sulan da shekararsa, ba ya koyar da tantancewa. Kada ka ɓata kuɗi kan sabon bugu, tsohon da aka yi amfani da shi ya wadatar, tunda ƙa'idojin ba sa canzawa duk shekara kamar farashi. Kamfanin tantance sulalla na PCGS ma ya sa hotunan matakan kyauta a intanet.

Ka tsaya kan iri ɗaya tak har ka san shi. Mai koyo a ƙasar Hausa ya fi sauƙin samun kuɗin zamanin Turawa, wato anini da dari da kwabo masu huda a tsakiya, da sisi da sulai da dala, don haka da su ya kamata ya yi atisaye. Littattafan Amurka ba su kawo waɗannan ba, amma hanyar ɗaya ce: a nemi wuraren da zanen ya fi tudu, domin su ne ke fara sudewa. A sulai mai kan Sarki George na Biyar ka duba kambinsa da gemunsa, a na George na Shida ma ka duba kambinsa, a bayansu kuma ganyen bishiyar kwakwar manja. Masu huda ba su da hoton sarki, sai ka duba kambin da ke saman hudar da layukan tauraro mai tsini shida. Ka lura da ƙananan haruffa H ko KN, waɗanda ke nuna masana'antar da ta buga sulan a Birmingham.

Matakin da na ga ya fi kayar da masu koyo shi ne rarrabe sudewa da raunin bugu. Wani sulan tun daga masana'anta yake fitowa da zane marar kaifi, saboda injin bai danna shi sosai ba ko kuma hatimin ƙarfen ya tsufa, kuma a hoto kamanninsa ɗaya da wanda hannu ya cinye. Sheƙi ne ke raba gardamar. Lokacin bugu ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar siraran layuka da ido ba ya gani, kuma su ne ke sa haske ya riƙa zagaya fuskar sulan kamar hannun agogo idan an juya shi. Ka kashe sauran fitilun ɗaki, ka bar ƙwai ɗaya mai haske daga wuri guda, domin doguwar fitila tana baza haske ta ɓoye karce. Ka riƙe sulan ta gefensa a kan tattausan ƙyalle, ka karkata shi a hankali kana juyawa. Idan hasken ya haye tudun zanen bai yanke ba, ko da wurin ya yi lebur, raunin bugu ne. Idan ya yanke, wurin ya yi dushi-dushi ko launinsa ya bambanta da na kewayensa, sudewa ce, kuma komai ƙanƙantarta ta fitar da sulan daga MS. Wannan ne ya sa sulai mai AU-58 kan fi mai MS-60 kyawun gani, amma lambarsa ta kasance ƙasa. Ido tsirara za ka fara sawa, sannan gilashin ƙara girma mai ninki 5. Wanda ya fi haka ƙarfi yana sa mai koyo ya ga aibi a ko'ina ya rage daraja ba dalili.

Haka kuma dole ne ka koyi gane wanda aka wanke. Toka da lemun tsami da man goge ƙarfe duk suna kashe waɗannan layukan har abada, su bar ƙyalli marar motsi da siraran karce masu bin hanya ɗaya. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, ba sa ba irin wannan sulan cikakkiyar lamba, sai su rubuta cewa an wanke shi, farashinsa kuma ya faɗi ƙwarai. Naka ma kada ka wanke shi, komai baƙinsa.

Abin da ya rage atisaye ne. Ka samo hotunan sulallan da waɗannan kamfanoni suka tantance a shafukan gwanjo, ka rufe lambar, ka rubuta taka, sannan ka buɗe ka gwada. Ka ajiye littafin rubutu da za ka riƙa shigar da kowane saɓani da dalilinsa, domin a nan za ka gane ko kai mai yawan ƙarawa ne ko mai ragewa. Idan da hali, ka sayi sulalla masu araha iri ɗaya a mataki uku ko huɗu ka jera su a matsayin abin kwatance, saboda hoto ba ya nuna motsin sheƙi. Kowace fuska a duba ta daban, sannan gefen, kuma idan fuskokin biyu suka saɓa, wadda ta fi lalacewa ita ke jan lambar ƙasa.