Yadda za ka karanta ƙorafin kompaila a Java

Abin da na ga ya fi karya gwiwar masu fara koyon Java shi ne su buga `javac Lissafi.java` sai allo ya cika da saƙonnin kuskure. Nan take mutum zai koma yana goge nan yana ƙara can, ido rufe, ko layi ɗaya bai karanta ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kompaila, wato `javac` ɗin da ke fassara abin da ka rubuta zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, ya riga ya faɗi inda ya tsaya da dalilin tsayawarsa.

Ka karanta saƙon farko kawai. javac yana iya jero maka har 100, amma sau da yawa na farkon ne ya haifi sauran. Gyara shi, ka sake bugawa, ka ga abin da ya rage. Kowane saƙo yana zuwa da sunan fayil, lambar layi, bayanin kuskuren, sannan layin kansa da alamar `^` a ƙarƙashin wurin. In ka ga `';' expected`, waƙafi mai ruwa ne ka manta, shi ke nan.

Mesod gungun umarni ne da aka ba suna don a riƙa kiransa ya yi wani aiki. Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen rubuta kan mesod, wato layin da ke gabatar da shi. Duba wannan:

`public static int tara(int a, int b) {`

`public` na nufin ana iya kiransa daga ko'ina. `int` na farko shi ne irin amsar da zai dawo da ita (cikakkiyar lamba), `tara` sunansa ne, abin da ke cikin baka kuma shi ne abin da za a miƙa masa. Cire `int` ɗin farko, za ka sami `invalid method declaration; return type required`. Ko da mesod ɗin ba ya dawo da komai, dole ka faɗa da kalmar `void`. Rubuta `(int a, b)` da tunanin `int` ɗaya ya wadaci duka biyun, sai ka ga `<identifier> expected`. Kowanne sai da nasa. Sa waƙafi mai ruwa tsakanin baka da `{` kuwa, zai ce `missing method body, or declare abstract`.

Ga wanda nake so ka tsaya a kansa sosai:

```
public class Lissafi {
    public static void main(String[] args) {
        System.out.println(tara(4, 6));

    public static int tara(int a, int b) {
        return a + b;
    }
}
```

Kompaila zai nuna layi na 5, ya ce `illegal start of expression`. Ka duba layin sau goma, ba za ka ga aibu ba, don lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana layi na 4, inda ya kamata `}` ya rufe `main`, mesod ɗin da shirin ke farawa daga gare shi. Tunda ba a rufe ba, kompaila na ganin har yanzu yana cikin `main`, kuma Java ba ta yarda a kafa mesod kai tsaye a cikin wani mesod ba. Lambar layi tana nuna inda kompaila ya gane akwai matsala, wanda wani lokaci yana ƙasa da inda aka yi ta. Saboda haka in layin da aka nuna maka daidai yake, ɗaga ido sama. Shawarata ita ce duk sanda ka buɗe `{` ka rufe shi nan take, sannan ka cika tsakiya, ka kuma riƙa tura layukan ciki gaba da tazara iri ɗaya don ido ya ga wanne ya rufe wanne.

`cannot find symbol` yawanci kuskuren rubutun suna ne. A Java `Tara` daban, `tara` daban. Layin `symbol:` da ke ƙasa zai gaya maka sunan da aka nema aka rasa.

Shi kuwa `missing return statement` yana ba mutane mamaki, don za su ce ai ga `return` nan sun rubuta. Sun rubuta, amma a cikin `if` kaɗai. Kompaila na bin kowace hanya da shirin zai iya bi, in sharaɗin bai cika ba me za a dawo da shi? Ka yi alkawarin `int` a kan mesod, dole kowace hanya ta ƙare da `int`.

Saura `static`. In ka cire shi daga `tara` ka kira shi daga `main`, za ka sami `non-static method tara(int,int) cannot be referenced from a static context`. Mayar da kalmar zai kashe saƙon, kuma a wannan matakin ya isa. Amma ka san dalili: mesod marar `static` yana aiki ne a kan abin da aka ƙirƙira daga ajin (wato `class Lissafi`), `main` kuwa yana tashi tun ba a ƙirƙiri ko ɗaya ba. Hanya ta biyu ita ce ka ƙirƙira da kanka, ka rubuta `new Lissafi().tara(4, 6)` a madadin `tara(4, 6)` da ke cikin `println`, sai 10 ta fito a allo.